Kamarawa: Dashe uku a tsakar gidan Gwaggo

Idan aka ambaci Isa ko Sabon Birni a rediyo a 'yan shekarun nan, uwa takan dakata da abin da take yi ta kasa kunne, don ta san da wuya labarin ya zama na daɗi. Harin ranar 27 ga Mayun 2020 da ya ci rayuka sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, da motar matafiya da aka cinna wa wuta da mutane a ciki a Disambar 2021, da rasuwar Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun masu garkuwa da mutane a Agustan 2024, kusan su ke nan abin da mutumin Kano ko Abuja ya sani game da wannan kusurwa ta gabashin Jihar Sakkwato. Babu ƙarya a ciki. Sai dai har yanzu akwai mutane a can. Ana haihuwa, ana suna, ana surfe da daka, har ma akan samu tsohuwar da za ta kwance bakin zane ta ba da kuɗi a sayo mata dashen mangwaro, itacen da ba zai ba ta ko ɗa ɗaya ba sai bayan shekara uku ko huɗu.

Ƙasar Gobir ce. Kufan Alƙalawa, birnin da Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinsa, yana nan a yankin Sabon Birni. A 1808 birnin ya faɗa hannun mayaƙan jihadi, aka kashe Sarki Yunfa, Gobirawa da yawa suka yi arewa har suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshe nasu ya dawo ya kafa Sabon Birni. Shi ya sa iyakar Najeriya da Nijar a nan ta ratsa ta tsakiyar dangi ne. Da abin ya yi tsanani daga 2019, dubban mutane suka tsallaka jihar Maraɗi wajen 'yan uwansu, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta tsugunar da wasu a Cadakori da Ɗan Daji Makau da Garin Kaka. Gulaben Bunsuru da Gagare, masu zuba a cikin Rima, suna ratsa yankin, don haka akwai fadama mai albarka. Gero da dawa da wake a tudu, albasa da shinkafa da kayan miya a fadama. Ba yunwa ce ta kori mutanen nan daga gidajensu ba.

Daga Sakkwato hanya biyu ce zuwa Isa. Ko a bi ta Goronyo a ɓulla Sabon Birni sannan a gangaro kudu, ko a yanke ta Marnona a ratsa dajin Gundumi. Direba ba ya gaya miki wadda zai bi sai ya gama buga wayoyinsa da safe. Ba a sammako irin na da, ba a kuma yarda la'asar ta riski mota a daji. Ba na ba kowa shawarar ta ɗauki jaka ta tafi ganin gari. Ni suna ne ya kai ni, na jikar ƙanwar mahaifina, kuma sai da 'yan uwa na can suka ce a zo sannan na tashi.

Farkon Nuwamba ne. An gama yankan gero, dawa ta sunkuyar da kai, iskar hunturu ta fara busa leɓe. Abin da ya fi ɗaukar idona a hanya shi ne gawo. Duk daminar nan da sauran itatuwa suke kore shar, shi tsirara yake tsayawa kamar ya mutu, sai yanzu da ruwa ya ɗauke yake fitar da sabon ganye. Baƙon da bai san shi ba zai iya cewa a sare shi a yi itacen girki, alhali ƙarƙashinsa ne gero ya fi yin kyau. Na riƙe wannan a raina, don kafin mutum ya ce ganye ba shi da lafiya, sai ya fara sanin yadda lafiyar wannan itacen take.

Kamarawa tana cikin Ƙaramar Hukumar Isa, a ɓangaren da Bafarawa take, garin tsohon gwamna Attahiru Bafarawa da ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007. Da shigarki za ki ga gida mai hayaƙi, ki ga na kusa da shi ciyawa ta cinye ƙofa. Gwaggo ta yi shekaru a ɗaki guda na aro a cikin garin Isa kafin ta ce ita dai ta gaji, a mayar da ita inda turminta yake. Ta tarar an sare itacen da ke tsakar gidanta. Da cikin matar ɗanta ya tsufa, sai ta ba ɗan nata kuɗin da ta tara na sayar da ƙuli, ta ce idan ya shiga Sakkwato ya sayo mata dashe. Ya kawo uku a baƙar leda: mangwaro mai aure, da lemun tsami, da gwaba. Sati uku ke nan da dasa su a ranar da na isa.

Ko ruwa ban gama sha ba ta ja hannuna. "Ɗiyata, taho ki gani. Icen ga duka cuta gare su. Mai saida su ya cuce mu, ko kuma baki na. Ni dai na ce a sawo hiya-hiya a hesa musu."

Wannan magana ta fiya-fiya ita ta sa na ajiye kofin. Ruwan maganin ƙwarin nan da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ana yawo da shi a kasuwa guba ce mai ƙarfi, danginsu ɗaya da Sniper da hukumar NAFDAC ta hana sayarwa a kasuwanni da kantuna a 2019. Tsakar gidan da ake son a fesa shi kuwa nan yara ke rarrafe, nan kaji ke kiwo, nan ake shanya kuka da kuɓewa, ga kuma jaririya 'yar kwana shida a ɗaki. Na ce, "Gwaggo, ki ba ni zuwa la'asar. In na rasa gane abin da ke damunsu, sai a yi maganar magani."

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wajen itace ganye ne fuskar, zuciyar kuwa tana ƙarƙashin ƙasa. Yawancin abin da muke gani a ganyen sabon dashe daga saiwa yake tasowa, ko daga canjin wuri, kuma babu feshin da ke maganin waɗannan. Ki tuna inda dashen ya fito. Masu sayar da shi a bakin titi a ƙarƙashin inuwar dogon yaro suke jera ledojinsu, suna ba su ruwa safe da yamma. Rana ɗaya sai a ɗora shi a bayan mota, iska mai zafi ta yi ta dukansa na tsawon sa'o'i, a kai shi fili a dasa a tsakiyar rana. Ko amarya aka yi wa haka sai ta rame.

Da mangwaron muka fara, don shi ya fi tsada kuma shi ta fi so. Abu biyu ta nuna mini. Na farko, ganyen da ke can sama sun fito jajaye, sun yi laushi sun rataye kamar tsumman da aka jiƙa. Wannan ne ya fi tayar mata da hankali, kuma shi ne labari mafi daɗi a tsakar gidan gaba ɗaya. Haka sabon tohon mangwaro yake fitowa, ja ko ruwan tagulla, lagwai-lagwai, sai bayan 'yan makonni ya yi tauri ya koma kore. Itacen da ya yi sabon toho sati uku bayan dasawa ya kama ƙasa ke nan.

Na biyun shi ne na gaske. Tsofaffin ganyen ƙasa sun ƙone daga tsini, ƙunar ta biyo gefe-gefe tana shigowa ciki, ta bushe ƙayau, kuma kowane ɓangare na itacen haka yake. A nan sai uwargida ta bambance abu uku da suke kama da juna. Ƙunar rana takan fito ne a tsakiyar ganyen da ke fuskantar rana, musamman ta yamma, ta yi fari-fari kamar an goga dutsen guga, ganyen da ke cikin inuwa kuma ba abin da ya same shi. Tabon cuta yakan fara ƙarami, baƙi ko ruwan ƙasa, sau da yawa da zoben ruwan ɗorawa a gefensa, kuma yana girma. Ƙunar da ta fara daga tsini ta bi gefe kuwa, a kowane ɓangare, yawanci gishiri ne ya yi yawa a saiwa, ko ƙishirwa. Ƙasar a jiƙe take, saboda haka ba ƙishirwa ba ce. Na sa yatsa na tona gindin, sai ga ƙwayoyin takin kamfa ba su gama narkewa ba, manne da jikin itacen. Ɗan Gwaggo ne ya zuba cikin tafin hannu guda ranar da aka dasa, don yana son ya faranta wa uwarsa. Takin zamani gishiri ne. Idan ya taru a kan ɗanyar saiwa, maimakon ta sha ruwa sai shi ya zuƙe nata. Ɗanyen kashin kaji da ɗanyen takin awaki da bai ruɓe ba su ma haka suke yi.

Muka kwashe ƙasar saman da takin, muka zuba bokiti biyu na ruwa a hankali don ya wanke sauran ya kai shi ƙasa. Gwaggo ta miƙa hannu za ta tsinke ƙonannun ganyen na riƙe ta. Ganyen da ya ƙone ba zai sake yin kore ba, amma rabinsa mai rai yana ci gaba da ciyar da itacen. Abin lura shi ne ganyen da zai fito nan gaba. Abin da muka tsinke kawai shi ne wani toho mai ƙarfi da ya fito a ƙasan gaɓar auren, wato inda aka ɗaure reshen irin mai kyau a kan gindin na gida. Idan aka bar irin wannan toho, shi zai ƙwace abincin, bayan shekaru a wayi gari da mangwaro mai zare bayan kuɗin mai aure aka biya.

Lemun ya fi ba mu aiki, don abu uku ne suka haɗu masa. Mai dashen ya ce wa ɗan Gwaggo irin Ibadan ne. A Ibadan ɗin ne cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, take tun 1975, shi ya sa kowane mai leda a bakin titi yake son jingina kayansa da sunan garin, ko da a bayan gidansa ya shuka. Gwaggo, da zanen Gobirci a kumatunta, tana jin haka ta ce, "Ashe Bayarabe na! Shi ya sa yaz zo yana yi min raki." Masu karatu da suka san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa sun san ba za ta bar wannan dama ta wuce ba.

An dasa shi a bakin makwararar wurin wanka, da tunanin zai riƙa shan ruwa kyauta. Tunani ne na mace mai lissafi, don duk bokitin da ya shigo gidan nan a kan wani ya zo. Amma ƙasar wurin ba ta taɓa bushewa, har tana ɗan wari, kuma ruwan sabulu da omo ne. Ga toka da aka zagaye gindin da ita don gara. Sababbin ganyen sama sun yi ruwan ɗorawa fayau, jijiyoyinsu kaɗai suka rage kore kamar an zana da biro. Wannan alama ce ta itacen ya kasa jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa. Sinadarin yana nan, toka da sabulu ne suke sauya ƙasar yadda saiwar lemu ba za ta iya ɗaukarsa ba, ruwan da ya kwanta kuma ya hana ta numfashi. Da tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi ɗorawa gaba ɗaya har da jijiya, sai mu ce yunwar taki ce ko yawan ban ruwa. Inda ɗorawar ta fara, sama ko ƙasa, shi ne rabin amsar.

Sai wasu ganyen da suka nannaɗe, da wani farin layi mai sheƙi da ya yi ta kwana-kwana a jikinsu kamar sawun maciji a rairayi. Tsutsa ce 'yar mitsitsiya, ta wani ƙaramin ƙwaro mai tashi da dare, take shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci tana tafiya. Ɗanyen ganye kawai take so. Ba ta kashe babban itace, amma tana mayar da ƙaramin dashe baya. Tunda a cikin ganyen take, yawancin abin da za a fesa daga waje ba ya ma isa gare ta. Ganye biyar ne, muka murje ƙarshen kowane layi da yatsa, inda tsutsar take.

Na ukun yara ne suka gano shi. Wasu ganyen an cinye su daga gefe har zuwa jijiyar tsakiya, ba mu ga mai cin ba. Wani jikan Gwaggo ɗan shekara bakwai ya ce ga kashin tsuntsu nan yana motsi. Tsutsar malam-buɗe-littafin lemu ce. Tana ƙarama baƙa ce da fari, sak kashin tsuntsu, don kada tsuntsun ya cinye ta. In ta girma sai ta koma kore, kuma idan aka taɓa ta takan fito da wasu ƙahoni biyu masu wari daga bayan kanta. Guda huɗu muka samu. Huɗun nan sun isa su tsiraita dashe mai tsawon gwiwa a cikin 'yan kwanaki. Kajin gidan suka yi kalaci da su, aka kuma naɗa yaron sarkin duba lemu kowace safiya, sama da ƙasan ganye.

Ga wadda ƙwarin suka fi ƙarfin hannunta, dogon yaron da ke ƙofar gida ya isa. A ɓare busassun 'ya'yansa, a daka ƙwayar, kimanin giram 50 a lita 1 ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da tsumma, a ɗan sa sabulu kaɗan don ya kama ganye, a yayyafa da yamma saboda rana tana kashe ƙarfinsa. A maimaita bayan mako guda. Shi ma a ajiye shi inda hannun yaro ba zai kai ba.

Gwabar ba ta buƙaci dogon bincike ba. An yage ganyenta, ba a yanke ba, kuma daidai tsayin bakin akuya. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, fizga take yi, shi ya sa take barin ganye a yayyage. Fara takan ci gefe ta bar shi kamar bakin zarto, wani ƙudan zuma kuma yakan yanke rabin da'ira tsaf kamar da almakashi ya tafi da shi gina gidansa, wannan ba ya cutar da komai. Mai laifin tana ɗaure a turke tana kallonmu, jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi da fatarta ta yi suna har Turai. Amma da na kankare bawon itacen da farce, maimakon kore mai danshi sai na ga ruwan ƙasa busasshe har kusa da gindi. Muka tona. Ba a cire ledar ba, da ita aka binne, saiwar ta yi ta zagaye a ciki kamar gammo, gara kuma ta riga ta shiga. Na gaya wa Gwaggo gaskiya, wannan da wuya ta tashi.

Duk wadda za ta sayi dashe, ta juya ganyen ta duba bayansa tun a gaban mai sayarwa. Idan ta ga wani farin abu kamar auduga a manne, ko ganyen ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya yana danƙo, ta ajiye. Irin wannan farin ƙwaro na mangwaro daga Asiya ya shigo Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1980, ya yi wa mangwaro da lemu ɓarna daga Togo da Ghana har Najeriya, sai da masana suka kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Indiya mai kashe shi sannan aka samu sauƙi. A jikin dashe irin waɗannan baƙi suke tafiya daga gari zuwa gari.

Muna cikin wannan aiki wayata ta samu sabis, saƙonni suka shigo a tare. A ciki har da hotuna daga wata ƙawata a Abuja. Ta sayi furen nan da ake kira okid a wani kantin furanni, mai faffaɗan ganye masu kauri da dogon sanda ɗauke da fararen furanni, kuɗinsa ya fi na dashen Gwaggo uku a haɗe, ga shi kwana goma da saye wani tabo ya fito a ganye. Tunda na san da yawa daga cikin masu karanta wannan a birni suke, kuma furen ya fara shiga falo da kayan gara, bari in ɗan tsaya a kansa, don karatun ganyen duk ɗaya ne.

Wanda aka fi sayarwa, Phalaenopsis, asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indunusiya, kuma a can ba a ƙasa yake tsirowa ba. A jikin itace yake maƙalewa a cikin inuwa, saiwarsa a waje tana shan iska. Shi ya sa ake sayar da shi a cikin ɓawon itace ko gansakuka, kuma duk wadda ta juye shi a ƙasar lambu ta gama da shi. Idan tabon fari ne ko ruwan ƙasa, busasshe, a ganyen da ke kallon taga, kuma bai ƙaru ba, rana ce ta ƙona shi, ko a gida ko a cikin mota ranar da aka sayo shi. A matsar da shi daga tagar, shi ke nan. Idan tabon jiƙaƙƙe ne kamar an zuba wa ganyen tafasasshen ruwa, yana wari, yana faɗaɗa cikin kwana ɗaya ko biyu, ruɓa ce, kuma ba ta jira. A sa sabuwar reza a yanke har cikin lafiyayyen wuri, a bar yankan ya bushe, a daina jiƙa ganyen. Idan kina shakka, ki zagaye tabon da biro ki ɗauki hotonsa, ki sake dubawa gobe da jibi. Wanda ya tsallake layin biro mai rai ne.

Ganyen da ya yi yaushi ya tattare kamar fatar tsohuwa yana cewa ruwa ba ya isowa gare shi, kuma a nan mata da yawa suke ƙara masa ruwa su ƙarasa shi. Sau da yawa saiwar ce ta riga ta ruɓe saboda yawan ruwan. A duba ta cikin robar: lafiyayyar saiwa tana da tauri, kore in ta jiƙe, fara-fara kamar azurfa in ta bushe, ruɓaɓɓiya kuwa ruwan ƙasa ce, tana lotsewa a hannu. Kada ruwa ya kwana a tsakiyar inda ganyen suka haɗu, kada kuma a ajiye shi a saitin iskar na'urar sanyaya ɗaki. Ganye ɗaya na can ƙasa da ya yi ɗorawa a hankali ya faɗi, tsufa ne kawai. Na ƙawata ƙunar rana ce.

Na nuna wa Gwaggo hoton. Ta juya wayar, ta tambaya ko ana miya da shi. Na ce a'a. Ko yana 'ya'ya? Na ce shi dai ba ya yi, amma wani ɗan uwansa shi ke ba da banila da ake sa wa kek da askirim, kuma danginsu sun haura iri 25,000 a duniya. Ta ce Allah Ya kyauta. Sai na gaya mata ai mu ma muna da namu. Dokta J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa ya kuma buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya rubuta wani okid mai fitowa a jikin itatuwa da Hausawa ke kira murucin bisa, ana kuma ce masa manta uwa. Yana yin furanni ruwan ɗorawa masu ɗige-ɗige kamar fatar damisa, kuma ya fi son inda ya fi nan ruwa. Sunan na biyu ne ta gane nan take, don ta san shi a kayan masu ganye, cikin abin da ake ba yaro lokacin yaye wai don ya daina kukan nono. Tsiro fiye da ɗaya ake kira da wannan suna, saboda haka uwa ba ta da tabbacin abin da aka ƙulla mata a leda. Ni dai ba zan ɗura wa ɗan yaye abin da ban san ko mene ne ba.

Kafin la'asar mun yi abin da za mu iya. Ɗan Gwaggo ya haƙa wa ruwan wanka sabuwar hanya ta bayan katanga, muka kwashe tokar. Ba mu tumɓuke lemun ba, don ɗaga shi karo na biyu a cikin wata guda ya fi barinsa haɗari. Aka kafa wa kowane dashe guntun zana ta gabas da arewa saboda iskar hunturu, da wani ta yamma saboda rana, aka zagaye da ƙaya saboda mai jan gashi. Gwaggo ta fito da wani tsohon tulu da ya fara tsatsa, muka binne shi har wuya a gefen mangwaron, taku ɗaya daga gindi, muka cika shi muka rufe bakin da faifai. Tulun ƙasa yana tsattsafar da ruwa a hankali kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi. Muka shimfiɗa ɓawon wake a kan ƙasar, amma muka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen, don kada mu yi wa gara gada.

Washegari aka yi suna. Ba a yi taro irin na da ba, ba maroƙa, ba kiɗa, an raba goro da fura, baƙi na nesa suka kama hanya tun hantsi. Ni ma a cikinsu nake.

Bayan wata biyu ta sa aka kira ni. Gwabar ta bushe, ta soke reshen zogale a ramin, har ya fara toho. Lemun ya fitar da ganye shida, huɗu kore sosai, biyu da sauran ɗorawa. Mangwaron ya sake yin jan toho, wannan karon ba ta ce cuta ba ce. Tulun kwana uku yake yi kafin ya nemi ƙari. Ta ce in ruwa ya sauka a watan Yuni, lokacin da ya kamata a ce tun farko an yi dashen, in aiko mata da wata gwabar, kuma in gaya wa ɗanta da bakina ya cire ledar.